Takobi mai lanƙwasa a kasuwar Balad: na Jawa ne ko na Moro?

Abu Hafsa, Hindawiyya, Jidda:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu ido a kan tsofaffin makamai kafin in zura kuɗina. Akwai takubba biyu a wani shagon kayan da a cikin Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Mai shagon ya ce duka biyun keris ɗin Jawa ne, wato wuƙar gargajiya ta mutanen tsibirin Jawa na Indunusiya, wai alhazai ne suka bar su tun zamanin jirgin ruwa, kuma wai sun haura shekara 300. Ya yarda na auna su na duba da kyau.

Na farko tsawon ruwansa santimita 57, faɗinsa a tsakiya ya kusa 4, kaifi biyu. Yana da lanƙwasa biyar daga gindi zuwa tsakiya, daga nan ya miƙe sak har tsini. Gindin ya baje gefe guda kamar fiffike mai haƙora, a ɗaya gefen kuma an sassaƙa wani abu kamar hancin giwa a naɗe. Akwai wani maɗauri na ƙarfe da ya haɗa ruwan da ƙotar. Ƙotar an naɗe ta da baƙin zare da zobba uku na farin ƙarfe, kanta kuma fari ne mai ɗan ja-ja, ya ce hauren giwa ne. A jikin ruwan akwai rubutun Larabci mai launin zinariya. Tsatsa ta ɗan kama kusa da tsini.

Na biyu gajere ne mai faɗi kamar ganyen mangwaro, kaifi ɗaya, santimita 46, yana da nauyi sosai. Kubensa na katako ne da adon ɓawon kawa mai sheƙi a baki, an ɗaure shi da wani farin ƙarfe mara nauyi.

Tambayata uku: mene ne su, ta yaya zan gane shekarunsu, kuma idan na saya ta yaya zan cire tsatsar ba tare da na yi ɓarna ba?

Alhaji Bala, Shari' Mansur, Makka:

Wa alaikumus salam, Abu Hafsa. Da farko kada sunan Jawa ya ruɗe ka. A nan Hijaz duk wanda ya fito daga Indunusiya, Maleshiya, kudancin Tailan ko kudancin Filifin, da Jawa ake kiransa, kamar yadda mu duka aka haɗa mu a Takari, ko daga Kano mutum yake ko daga Mali. To haka kayansu ma. Mai shago zai iya ce maka "na Jawa" da zuciya ɗaya alhali abin bai taɓa zuwa tsibirin Jawa ba.

Siffar da ka bayar ba ta keris ɗin Jawa ba ce. Keris na Jawa wuƙar suka ce, ruwanta yawanci tsakanin santimita 33 zuwa 38, siririya, ba ta da nauyi, ƙotarta ƙarama ce a lanƙwashe, ana riƙe ta da 'yan yatsu kamar mai nuna abu. Ba ta da maɗaurin ƙarfe. Wutsiyar ƙarfen da ke shiga ƙota, wadda suke kira pesi, zagayayya ce kamar ƙusa, da zare ko ƙyalle kawai ake naɗe ta a cusa, shi ya sa za ka iya murɗa ƙotar a hankali ta fita. Na tsibirin Bali sun ɗan fi girma, suna kaiwa 45, amma su ma na suka ne.

Naka takobin sara ne na Musulmin kudancin Filifin waɗanda Sifaniyawa suka laƙaba wa suna Moro, wato Tausug na tsibiran Sulu, da Magindanawo da Maranawo na Mindanawo. Mutanen Sulu suna ce masa kalis, wasu kuma sundang. Wanda ya miƙe gaba ɗaya kalis tulid, mai lanƙwasa har tsini kalis seko, mai rabi da rabi irin naka kalis taluseko. Maɗaurin da ka gani sunansa asang-asang ko baka-baka, aikinsa ya hana ruwan ficewa daga ƙota in an kai sara da ƙarfi. Akwai sundang na Malayu ma, a Borniyo da gabar Maleshiya, kuma sau da yawa ruwan daga Sulu yake, kayan jikinsa ne kawai na Malayu. A kube da ƙota ake rarrabe su.

Yanzu batun shekaru, kuma a nan ne ake cin kuɗin mutane. Ka manta da ƙota da kube tukuna, domin waɗannan tufa ne, ana canza wa takobi ɗaya sau uku ko huɗu a rayuwarsa. Ƙarfen za ka tambaya.

Ka dubi wannan fiffiken na gindi. Sunansa ganja, a Filifin suna cewa gangya. A tsohuwar ƙira, daban ake ƙera shi, a huda shi, a zura wutsiyar takobin ta ciki. Saboda haka akwai layin haɗi tsakaninsa da ruwan, yana tafiya a miƙe sannan ya karya sama wajen fiffiken. Masu tara waɗannan kaya sun lura cewa daga wajajen 1930 maƙera da yawa suka daina wannan wahalar, suka koma ƙera abin a dunƙule, su ja layi da kurfi don ya yi kama. Yadda za ka gane: ka bi layin har inda ya ƙare a gefe, ka ga ko ya zagaya ya haɗu da na bayan daidai wa daida. Ka sa gilashin ƙara girma. Layin da aka zana yana da ƙasa, za ka hango gindinsa kamar kwari. Haɗi na gaske ba ka ganin ƙarshensa. In ka ɗiga man keken ɗinki a kai, na gaske zai shanye, zane kuwa man zai kwanta a ciki kawai. Sai dai ka sani, ganja a rabe ba hujja ba ce ita kaɗai, don masu ƙira na yanzu sun san abin da masu saye ke nema, sun koma raba shi. Rashinsa ne hujja mai ƙarfi cewa takobin bai tsufa ba.

Sai lanƙwasar. Maƙerin gaske da wuta da guduma yake karya ƙarfen, saboda haka lanƙwasar tana tafiya a sulale kamar maciji cikin ruwa, kuma jijiyoyin ƙarfen suna bin ta. Na kasuwar masu yawon buɗe ido daga falalen ƙarfe ake yanko su da giranda: ƙololuwar kowace lanƙwasa tana da tsini, kaurin ruwan ɗaya ne daga gindi har baki, kuma in ka karkata shi ga haske za ka ga sawun injin a gicciye. Tsohon takobi yana da kauri a gindi, ya riƙa sirancewa a hankali. Ƙidayar lanƙwasa kuma kullum mara ce a al'adarsu, 3, 5, 7 har sama, ba a yin cika.

Girman ma yana magana. Waɗanda ake ɗauka na ƙarni na 18 sun fi ƙanƙanta da siranta, galibi ba su wuce santimita 50 ba, sassaƙar gindinsu mai zurfi ce, wasu da murɗaɗɗen ƙarfe a tsakiya kamar igiya. Mai santimita 57 da faɗi 4 ya fi kama da rabin ƙarshe na ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Don haka ko da ya tabbata na gaske, shekara 300 ba ta zauna ba. Tsakanin 100 zuwa 150 ya fi kusa da hankali, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Labarin alhazai ba abin musu ba ne a kan kansa. Mutanen can sun daɗe a Makka, Shaihu Nawawi al-Bantani a nan ya rasu a 1897, Shaihu Ahmad Khaɗib na Minangkabau ya yi limanci a Harami, kuma sananne ne cewa alhajin da guzurinsa ya ƙare yakan sayar da abin hannunsa. Amma mafi yawan tsofaffin takubban Moro da ke yawo a kasuwa yau ta Sifaniya da Amurka suka biyo, sojoji ne suka kwashe, musamman bayan dokar karɓe makaman Moro ta Janar Pershing na Amurka a 1911 da yaƙin Bud Bagsak a Sulu a 1913. Labari ba ya ƙara wa takobi ko riyal ɗaya sai da takarda a bayansa.

Abu Hafsa, Hindawiyya, Jidda:

Allah ya saka da alheri, Alhaji. Na koma na duba. Layin ya zagaya duka gefe biyu, kuma man ya shige ciki, har ganjar tana ɗan motsi kaɗan in an matsa. Kaurin gindi milimita 9, kusa da tsini bai fi 3 ba. Babu sawun giranda. Abin da ya tsaya mini shi ne rubutun. Wasu haruffan sun hau kan ƙananan ramukan tsatsa, kuma launinsu yana ƙyalli sosai. Yaya wannan?

Malam Ɗan'azumi, Manfuha, Riyad:

Abu Hafsa, bari in ɗauki batun gyara, don a nan ne aka fi kashe takubba masu kyau. A Suƙ Zal, kasuwar kayan da ta nan Riyad, ana yawan ganin tsohon takobi da aka kai wa mai injin goge tukwane ya mayar da shi kamar madubi. Wannan ya gama. Injin yana cinye sassaƙar gindi, ya daƙushe haƙoran ganja, zafinsa kuma yana iya ɓata taurin kaifi. Kada giranda ko burushin waya na inji su kusance shi.

Jar tsatsa ita ce mai ci, ita za ka cire. Baƙin tabon da ya kwanta lumus ka bar shi, shi ba ya ci gaba, kuma shaidar shekaru ce. Ka fara naɗe ƙotar da leda ka ɗaure, don mai yana ɓata zaren kuma yana shiga haure ya bar tabon da ba ya fita. Ka jiƙa wurin tsatsar da man keken ɗinki ya kwana biyu. Sannan ka goge da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, kana bin tsawon ruwan, ba a gicciye ba. Inda tsatsar ta yi ƙuraje, ka kankare da tsinken tagulla ko gefen tsohon kwabo na jan ƙarfe, sun fi baƙin ƙarfe laushi, ba za su karce shi ba. Ka share da farin ƙyalle, ka maimaita har ƙyallen ya daina fitowa ja. Aikin kwana uku ko huɗu ne, ba na awa ɗaya ba.

In kana son jijiyoyin ƙarfen su bayyana, da layin taurin kaifi, ana yi da ruwan khal, wato binega, fari na girki, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Ka wanke man tas da asiton, sinadarin goge jan farce, ko sabulun wanke kwano, domin duk inda maiƙo ko sawun yatsa ya saura zai fito dabbare-dabbare. Ka ɗuma khal ɗin, ka riƙa shafawa da auduga daga gindi zuwa tsini ba tsayawa, minti 10 zuwa 15. In ka tsaya a wuri ɗaya za ka bar zobe. Wasu suna amfani da ferik kulorayid na masu gyaran lantarki, awo 1 a cikin awo 4 na tataccen ruwa. Ya fi sauri, cikin minti ɗaya yake aiki, amma yakan bar ƙarfe da launin ƙasa-ƙasa in ba a kashe shi da wuri ba. Ga wanda bai saba ba khal ya fi aminci. Da zarar zanen ya fito, ka kashe tsamin da bekin soda, cokali 2 babba a lita 1 ta ruwa, ka ɗauraye, ka busar da na'urar busar da gashi, musamman cikin layin ganja, sannan mai nan take. Kada ka sa kanwa a madadin soda, tana ɗauke da gishiri, gishirin kuma shi ne uban tsatsa. Danshin da ya maƙale a ƙarƙashin ganja shi ne ke cin wutsiyar takobi a ɓoye har wata rana ƙota ta rabu da ruwa.

Wannan duka na Moro ne. In keris ɗin Jawa ko Bali ne mai zanen fari da baƙi, wanda suke kira pamor, to kada ka taɓa shi da tsami ko soso. Zanen daga ninka ƙarfe mai nikel da baƙin ƙarfe yake, amma baƙin launin da ke fito da shi daga warangan ne, haɗin arsenik da ruwan lemun tsami. In ka wanke, ruwan zai koma fari fat, kuma mayar da shi sai da wannan gubar, aikin gwanaye ne a can biranen Solo da Yogyakarta na Jawa. Mai kaɗai za ka shafa. Su sukan haɗa shi da ɗan man sandal ko na yasmin don ƙamshi.

Ajiya kuma ta danganta da garinka. A Jidda laimar teku ce abokiyar gaba, ka shafa mai duk wata biyu, ka naɗe ruwan da siririyar leda kafin ka mayar kube don kada katako ya tsotse man. Mu nan Riyad bushewa ce ke tsaga katako da haure. Laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 ita ake so. Kada ka rataye shi a saitin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada ka yi masa kuben fata irin namu na gida, sinadarin jima yana cin ƙarfe.

Umar Bakano, Ƙurban, Madina:

Malam ya gama magana a kan gyara. Ni na biyun zan taɓa, da batun hauren.

Mai kamar ganyen nan barong ne, makamin ƙabilun Tausug, Sama da Yakan na tsibiran Sulu da Basilan, ba shi da alaƙa da keris ko kaɗan. Bayanin kubensa ya riga ya faɗi shekarunsa. Tsohon kuben barong sirara ne, shimfiɗaɗɗe, adonsa ɗan sassaƙa ne a baki da ƙasa, an ɗaure wani sashe da rotan, itacen nan mai lanƙwasa da ake saƙa kujeru. Ɓawon kawa mai sheƙi, da tudu a tsakiyar kube, da farin ƙarfe mara nauyi, wato alminiyom, duk alamun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, lokacin da tarkacen jiragen sama ya wadata maƙeran yankin da alminiyom. Tsohon barong yana da doguwar hular azurfa a wuyan ƙota, punto, mai kai santimita 7 ko 8. Wasu tsofaffin ruwan ma za ka ga tambarin rubutun Sin kusa da gindi. Naka zai iya zama makamin aiki na gaske na shekarun 1950 ko 1960, ba na jabu ba, amma kada a sayar maka da shi da kuɗin tsohon kaya. Ka zare shi ka duba ko ruwan ya girmi kuben, hakan na faruwa.

Haure kuwa, kada ka yarda da gwajin allura mai zafi da dillalai ke yi, yana barin ƙuna. Ka duba inda aka yanke shi a gicciye, a ƙarshen kan ƙotar. Hauren giwa yana da siraran layuka masu giciye juna kamar saƙar raga, ba wani abu da ke da su sai shi da na dangin giwa na da. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko gajerun tsaga, hanyoyin jini ne. Roba tana da layin haɗin mazubi da 'yan kumfa, kuma ba ta da sanyi a kunci. A ƙotocin Malayu akan sami haƙorin dorina ma, ya fi fari da tauri.

In ya tabbata haure ne, to nauyi ya ƙaru a kanka. Yarjejeniyar CITES, mai kare namun daji daga ƙarewa, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma Saudiyya tana ciki. Ba abin da za ka jefa a akwati ka nufi Kano ko Yamai da shi ba ne, kwastan na iya riƙe shi a kowane ɓangare. Ban da wannan, dokar kayan tarihi ta nan ta 2014 tana ɗaukar abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, cinikinsa da fitar da shi suna da ƙa'ida, kuma Hukumar Turas, wato hukumar kayan tarihi ta Saudiyya, ce ke kula da wannan. Ka nemi mai shagon ya rubuta maka rasit da cikakkiyar siffar takobin da tsawonsa. Filifin ma tana da dokarta ta 2009, Indunusiya ta 2010, saboda masu tunanin yin oda daga can.

Alhaji Bala, Shari' Mansur, Makka:

Madalla da Malam Ɗan'azumi da Umar. Abu Hafsa, abin da ka gani a kan rubutun shi ne amsar. Zinariyar da aka sa tun ranar ƙira, tsatsa takan ci ta tare da ƙarfen, za ka ga harafi ya gutsure daidai inda ramin yake. In harafi ya haye kan rami lafiya lau, to ramin ya riga shi zuwa, wato daga baya aka ƙara rubutun. Ana yin haka ne don an san a kasuwannin nan ayar Alƙur'ani ko sunan Zulfiƙar a jikin takobi na ninka kuɗinsa. Adon Moro na asali galibi azurfa ko tagulla ake dasawa cikin kwarin da aka sassaƙa, zanen ganye da suke kira okir, ko ɗigo, ko taurari. Rubutu yana samuwa amma ba shi da yawa, kuma in ya zo yakan zo da Jawi, wato ajaminsu, mai ƙarin haruffa irin fa mai ɗigo uku da ain mai ɗigo uku. Kai da ka san ajami za ka gane hannun wanda ya iya rubutu da na wanda ya kwaikwayi hoto.

A ganina ruwan tsoho ne na gaske da aka yi wa ƙarin ado, kuma ƙarin rage masa daraja ya yi a wurin masana, don haka ka yi ciniki a kan haka. Kada ka yi ƙoƙarin kankare rubutun, za ka bar faci mai haske wanda ya fi shi muni.

Wuri ɗaya na saɓa da Malam: ni ba zan sa khal a wannan takobin ba tukuna. Tunda ganjar tana motsi, akwai tazarar da tsami zai shige, kuma ba za ka iya kashe shi a ciki ba sai an cire ƙota. Ƙotar Moro da ƙaron itace ake kafa ta, cirewa sai an ɗuma gindin ruwan a hankali har ƙaron ya saki, ga maɗaurin da harshensa ke ƙarƙashin naɗin zare, ga haure da ba ya son zafi. Ka tsaya a mai da soso. Ka ɗiga mai a layin ganjar ta gefe biyu, ka jingine takobin tsini ƙasa ya kwana, don abin da ya yi yawa ya gangaro kan ruwa maimakon ya shiga ƙota.